Zoɓon da ba ya tashi: yadda nake dafawa, ɗurawa da ajiyewa

Da za a kai ƙanwata ɗakin miji, ni aka ɗora wa abin sha. Watan Afrilu ne a Kano, lokacin da ko da tsakar dare ka jingina da bango sai ya gasa maka baya. Tun ranar Alhamis da yamma na dafa zoɓo a manyan tukwane biyu, na zabga sukari don kada a ce na yi rowa, na yanka ɗanyar abarba na watsa a ciki har da ɓawonta saboda ƙamshi. Ni da yaran gida muka ɗura a robobi 150, muka jera a firizar maƙwabta. Ƙarfe goma na dare aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba har Asabar.

Asabar da la'asar, tsakar gida cike da mata, Gwaggo ce ta fara ɗaukar roba. Tana murɗe murfin sai muka ji tsss, jar kumfa ta taso ta wanke mata gaban farin leshi. Ta kai bakin robar hanci ta shinshina, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ya tashi. Maza kwashe kafin dangin ango su ce giya muka shayar da su." A kwata muka tuttular da shi kaf, aka aika kanti aka ɗauko lemon kwalba bashi. Har yau in an yi taro a gidanmu sai wata ta tambaye ni ko na zo da mai kumfar.

Daga ranar na daina ɗaukar zoɓo a matsayin abin da kowa ya iya. Dafa shi kam kowa ya iya. Inda ake bambanta shi ne ki dafa yau, a sha jibi, yana nan yadda kika bar shi.

Abin da ya same ni yana da suna, kuma kina da shi a kicin: yis. Wanda kike sa wa a ƙullun fanke ya kumbura, danginsa ne ke zaune a iska, a tafin hannu, a jikin ludayi, musamman kuma a ɓawon 'ya'yan itace. In ya sami ruwa mai zaƙi da ɗumi, sai ya cinye sukarin ya fitar da abu biyu: iskar da ke kumbura roba, da barasa. A Kanada da Ingila ana sayar da kwali guda na haɗa giyar inabi a gida: ruwan inabi mai kauri, ƙullin yis, da magungunan tacewa, a haɗa a jarka mai lita 23, bayan mako huɗu zuwa shida a ɗura kwalabe wajen 30. Su kuɗi suke sa wa su sayi yis ɗin, su lallaɓa shi ya yi aiki. Mu iska ke kawo mana shi kyauta, kuma gaba ɗaya aikinmu shi ne mu hana shi sakat. Ɓawon abarbar da na watsa ɗanye kuwa, daga baya na gane cewa a Meziko da shi ake yin wani tsimi mai suna tepache: ɓawo, sukari, ruwa, a rufe kwana biyu ko uku. Ashe shi na haɗa wa dangin ango ban sani ba.

To bari mu fara daga kasuwa.

Zoɓo ƙoƙon furen yakuwa ne da aka ɓare aka shanya. Ita yakuwar dai da muke miya da ganyenta, muke daddawar batso da 'ya'yanta. Jigawa ce uwa wajen nomansa, kuma buhunan da kike gani ana lodawa a Maigatari da Dawanau, da yawansu Meziko suka nufa, inda suke kiran abin shan jamaica. A Nijar da Senegal bisap ne, a Gana sobolo, a Kamaru folere, a Sudan da Masar karkade. Ni da kaka nake saye, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin sabo ne kuma da sauƙi. Nakan ɗauki baƙin, mai duhu kamar jinin kare, kashi biyu, na haɗa da ja mai haske kashi ɗaya. Baƙin ke ba da launi, jan ke ba da tsami mai daɗi. Ki damƙa a hannu: in ya yi ƙaras-ƙaras ya bushe, in ya lanƙwashe kamar fata, ya sha raɓa. Ki shinshina. Warin ɗaki rufaffe alamar funfuna ce, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. A gida ki juye a bokiti mai murfi, ki ɗora a kan wani abu, kada ya taɓa siminti, balle da damina.

Ma'aunina na lita 12 ke nan: kofin shayi 8 na zoɓo a cike, ɗanyar citta kamar girman tafin hannu, kanumfari cokali ɗaya babba, kimba guda 3, ɓawon abarba ɗaya da zuciyarta, sukari kilo ɗaya. Masoro in kina son ɗan yaji a maƙogwaro, amma kaɗan. Kimba ki fasa ta ki cire 'ya'yan, su ne masu ɗaci. Kanumfari kuma in ya yi yawa sai zoɓo ya koma warin ɗakin mai ciwon haƙori.

Wanki: a ƙasa ake shanya zoɓo, yashi ne fal a cikinsa. Ki zuba ruwan sanyi a roba mai faɗi, ki watsa shi, ki juya da hannu sau biyu uku, ki tsame da hannu zuwa wata robar. Tsamewa za ki yi, kada ki tsiyaye, don yashin a ƙasa yake kwanciya, in kin tsiyaye sai ya biyo. Sau biyu ya isa, kuma da hanzari. Ruwan wankin zai yi ja, kada ki damu; amma in kika bar shi ya jiƙu, rabin launin a nan zai tafi. Ɓawon abarba shi ma ki goge shi da soso da ruwan gishiri.

Tukunya tana da magana. Zoɓo abu ne mai tsami ƙwarai, tsami kuma yana cin dalma. In kin taɓa dafa shi a tukunyar dalma irin ta ƙira, kin ga yadda cikinta ke yin fes kamar sabuwa. Abin da ya fita daga jikin tukunyar a cikin abin shanki ya tafi, shi ya sa wani zoɓon kike jin ɗanɗanon ƙarfe a bayansa. Ki nemi ta silba mai kauri wadda ba ta tsatsa, ko mai fenti wadda ba ta ɓantare ba, ki ware ta don wannan aiki kaɗai. Tukunyar da ta saba da manja da daddawa ba ta mantuwa.

Ki ɗora ruwa da dakakkiyar citta, kanumfari, kimba da ɓawon abarba, su tafasa minti 15 su kaɗai. Sannan ki zuba zoɓon, ya tafasa minti 10, ki sauke, ki rufe, ki bar shi minti 30 ya saki jikinsa. Masu barin sa a wuta awa guda suna neman kauri, ɗaci suke jawowa, launin kuma ya koma ruwan ƙasa. Ga ƙa'idar da na saya da robobi 150: duk abin da zai shiga zoɓon da za a ajiye, sai ya bi ta wuta. Abarba, dabino, na'a-na'a, komai. Yis ba ya jure zafi. Tun kafin ruwa ya kai ga tafasa, wajen digiri 60, ya mutu. Abin da kika jefa ɗanye bayan saukewa, sabuwar runduna kika shigo da ita.

Nan ne nake saɓawa da mata da yawa, a kan kanwa. Ana jefa ɗan gutsure don ya kashe tsami a rage cin sukari. Yana kashewa kam. Amma ki lura da launin: jan nan mai sheƙi sai ya dushe ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, domin launin zoɓo da tsaminsa tafiya ɗaya suke yi. Abin da ya fi wannan, tsamin nan shi ne mai gadin zoɓo. Ƙwayoyin cuta da yawa ba sa iya hayayyafa a ruwa mai tsami irin nasa. Kin kashe tsamin, kin buɗe musu ƙofa. In ya yi miki tsami, ki ƙara tafasasshen ruwa, ko ki rage jan ki ƙara baƙin a dahuwa ta gaba.

Tata sau biyu nake yi. Farko da rariya, don kwashe ganye da ɓawo. Na biyu da farin ƙyalle mai laushi wanda na tafasa shi a ruwa, na ɗaure a bakin bokiti. Kada ki matse ƙyallen da ƙarfi don ƙwaɗayin ɗigon ƙarshe. Gari-garin citta ne zai wuce, ya kwanta a gindin roba kamar laka. Bayan tata ki bar shi ya natsu minti 20, ki tsiyaye a hankali zuwa wani mazubin, ki bar na ƙasan. Ganyen da kika tace kada ki zubar, yana ba da dahuwa ta biyu. Ba ta kai ta farko ba, amma da ita nake sirka ta farkon maimakon ruwa zalla.

Sukari kuma ba na zuba shi tsaba a cikin zoɓo mai sanyi. Nakan ɗebi lita ɗaya na zoɓon, na zuba sukarin a ciki, na mayar wuta ya narke ya tafasa, sannan na juye a cikin sauran. In kina ɗanɗanawa, ki ɗebo da ludayi ki zuba a kofi. Ludayin da ya taɓa baki ba ya komawa tukunya, ko naki ne. Ki kuma tuna sanyi yana danne zaƙi: abin da kika ji daidai da ɗumi, in ya yi sanyi za ki ji kamar da saura kaɗan.

Yanzu ga wurin da aka fi yin asara, kuma ba a cika maganarsa ba: hucewa. Zoɓo yana tafasa, lafiya lau. Yana da sanyi ƙarara, lafiya lau. Tsakanin nan, lokacin da yake da ɗumi kamar ruwan wankan jariri, nan yis da sauran ƙwayoyi ke biki. Babbar tukunya in aka bar ta ta huce da kanta a zafin Kano, sai ta kwana da ɗumi. Ni nakan raba shi a mazubai ƙanana masu murfi, na tsoma gindinsu a baho mai ruwan sanyi, in ruwan ya ɗumama na canza. Cikin awa ɗaya zuwa biyu ya huce. A rufe, ko yaushe a rufe. Ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro, a ƙafafunsu suke yawo da yis.

Robobi. Na san araha ce ke sa a sayi waɗanda yara ke tsintowa a wuraren biki da tasha, amma araha ba ta ado. Ba ki san bakin da ya sha ba, ba ki san abin da aka zuba a ciki bayan ruwan ba. Wani fetur, wani fiya-fiya, wani abin da ba ya faɗuwa. Amai da gudawa da taifot ta irin wannan hanya suke shiga gida. Ana sayar da sababbi dozin-dozin da murafensu masu zobe a kasuwa. Ki sa kuɗinsu a lissafi tun farko. Ko sababbin ki ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, ki kife su tsane. Kada ki zuba wa roba abu mai zafi, yanƙwanewa take yi. Mazurari da ludayi da jog kuwa ki tsoma su a tafasasshen ruwa. Mai ɗurawa ta wanke hannu da sabulu, ta ɗaure kai, kuma a kori yara daga wurin. Ranar bikin nan namu, rabin masu ɗurawar suna yi suna lasar yatsa. Ki bar sarari kamar faɗin yatsa biyu a wuyan kowace roba.

Ajiya iri uku nake yi, gwargwadon ranar da za a sha.

In na yau ne ko gobe, firiji ko kula da ƙanƙara. A firijin da wutarsa ba ta yankewa, nawa yakan kai kwana huɗu zuwa biyar garas. A waje kuwa, da bazara, wanda aka sa wa sukari da safe kada ya kai gobe. Da hunturu yana ɗan ƙara haƙuri, amma ban cika gwada haƙurinsa ba. In kula ce, robobin su fara yin sanyi kafin su shiga, ƙanƙara a ƙasa da sama, ki cike gurbin da tsohon zane mai tsabta, kuma a daina buɗewa kowane minti ana leƙe.

In na mako mai zuwa ne ko na azumi, dabarar da ta fi min kowace ita ce in dafa shi da kauri, ruwa kashi ɗaya cikin uku na abin da na saba, ba sukari ko ƙwaya. In ya huce na ɗura a robobi na jefa firiza. Ba sukari, yis ba shi da abinci mai yawa. Tsamin kuma ya ninku, mai gadi ya ƙara ƙarfi. Ko an ɗauke wuta kwana guda ya fara narkewa, ba ya lalacewa da wuri irin mai zaƙi. Wuri ma kaɗan yake ci: roba huɗu sun ba ki abin da zai cika bokiti. Ranar sha sai ki narkar, ki sirka da tafasasshen ruwan da ya huce, ki zuba narkakken sukari. Kafin azumi nakan cika aljihun firiza ɗaya da shi, kullum da la'asar na ciro roba ɗaya. Kwalba dai kada ta shiga firiza. Ruwa in ya daskare ƙaruwa yake yi, zai fasa ta.

Na uku na wadda ba ta da tabbacin wuta ne kwata-kwata, kuma a nan kwalba ce sarauniya. Ki tara kwalabe masu murfin ƙarfe mai murɗawa wanda bai yi tsatsa ba, ki wanke, ki tafasa su da murafen minti 10. Ki ɗura zoɓon da zafinsa a kwalbar tana da zafi, don in kika zuba mai zafi a kwalba mai sanyi tsagewa za ta yi. Ki rufe, ki shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, ki jera su a tsaye kada su gogi juna, ki zuba ruwan zafi har wuyansu, ki bar shi yana ɓararraka a hankali minti 20. Ki sauke, su huce a inda iska ba ta kaɗawa, ki adana a wuri mai duhu, domin haske yana cinye jan launin. Wannan dabarar ɗumama abin sha a kwalba Louis Pasteur na Faransa ne ya fito da ita a shekarun 1860, kuma abin dariya, don giyar inabin ƙasarsu da ke lalacewa ya yi ta. Mu ga shi muna amfani da ita don kada namu ya zama giyar. Nawa na kwalba yakan yi makonni ba firiji. Sharaɗi biyu: ba kanwa a ciki, ba kokumba ko kankana, domin tsamin ne ke sa wannan zafin ya wadatar. Da an buɗe kwalba kuma, a shanye a ranar.

Akwai masu zuba hodar hana lalacewa da ake sayarwa a shagunan kayan kek. Ni ba na sawa. Abu ne da ake auna shi da sikeli mai ƙananan lambobi, mu kuwa da ido muke awo. Kuma irin wadda ake kira benzowet in ta haɗu da bitamin C a cikin zafi da haske tana iya haifar da sinadari mai cutarwa. Wadda sana'arta ta girma har tana kai wa shaguna, ta bi ta NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta yi rajista, ta koyi awon a hannun masana.

Yaya za ki gane ya tashi? Ki matsa robar. Lafiyayya tana lotsawa. Wadda ta tashi takan yi tauri kamar ƙwallo, gindinta ya turo. In kin buɗe ta yi tsaki, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, warin ya koma na ƙullun da ya kwana, a harshe kuma ki ji yana tsikari. In ya yi yauƙi ko fari-fari ya taso a sama, wannan ya wuce tashi ma, ruɓa ce. Ko ɗaya kika gani, zubarwa za ki yi. Kada ki sake tafasawa ki ƙara sukari ki ba yara, kamar yadda na ga wasu na yi don jin zafin asara. A Sahihu Muslim akwai ruwayar Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari da jibi zuwa yamma, abin da ya rage sai a shayar da shi ko a zubar. Malamar Islamiyyarmu ce ta karanto mana shi, na ce a raina, da na ji wannan kafin bikin ƙanwata da leshin Gwaggo ya tsira.

Wajen kawowa baƙi, a nan ne ɗanyun kaya ke da izinin shiga. Ki juye a jog na gilashi, ki yanka kokumba sirara, ko abarba, ko lemon zaƙi, ki murza ganyen na'a-na'a a tafin hannu ki jefa, minti 20 kafin a sha. Abin da ya rage a jog ɗin nan ba ya komawa ajiya. Ƙanƙarar da ake saya a buhu ta sanyaya roba ce daga waje, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Wadda za ta shiga kofi ki yi abarki a gida, in ma da zoɓon kansa kika daskarar ya fi, ba zai salamce ba in ta narke. Kofin gilashi ya fi fito da launinsa. Da abu mai maiƙo yake tafiya: ƙosai, fanke, dambun nama, soyayyen naman Sallah, tsamin yana wanke baki. Da alkaki ko nakiya kuwa ki rage sukarin, zaƙi biyu ba sa zama a baki ɗaya. Nakan ware jog guda marar sukari saboda masu ciwon suga. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, don haka Baba da ke shan maganin hawan jini kofi ɗaya nake ba shi. Masu juna biyu kuma nakan kawo musu kunun aya. Tire ki shimfiɗa masa tsumma mai duhu, kuma in ya ɗiga a tufa, ruwan sanyi nan take kafin ya bushe.

In bikin Asabar ne yanzu, ga yadda nake yi. Talata na dafa mai kaurin na daskarar. Juma'a da yamma na tafasa ruwan sirki na rufe, na ɗauraye robobi na kife, na biya kuɗin ƙanƙara. Asabar bayan sallar asuba na narkar da sukari, na haɗa, mu ɗura, ƙarfe tara suna cikin kula. Roba ɗaya nakan bari a waje a kan taga, in zan wuce na matsa ta. Muddin wadda ke cikin zafi tana lotsawa, na cikin ƙanƙara lafiyarsu ƙalau. Ta farko da aka ciro daga kula kuwa Gwaggo nake kai wa, ta karɓa ta miƙa hannu nesa da jikinta kafin ta murɗe.